Fentin banɗakina ya ɓare cikin wata 4

Mai Sabon Gida: Jama'a wallahi fenta ya cuce ni. Wata 4 kacal da tarewa fentin banɗaki ya kumbura yana ɓarewa kamar saɓar maciji, saman shawa kuma duk baƙin fumfuna. Fentin mai na ce ya sa, ya shafa min na ruwa. Ni dai na san fentin mai ne kaɗai ke jure banɗaki.

Tsohon Fenta: Alhaji janye kalmar cuta tukuna. Kwana nawa tsakanin filasta da fenti?

Mai Sabon Gida: 9 ko 10, muna sauri ne.

Tsohon Fenta: To ka ji. Filastar siminti tana son kamar kwana 28 kafin a rufe ta, sannan a fara sa firama, wato shafin farko kafin fenti, mai jure kaifin siminti. Da na mai ya sa a jiƙaƙƙen bangon nan da abin ya fi haka muni, danshi ba hanyar fita, kuma siminti na cin fentin mai har ya yi danƙo kamar sabulu. Cuta kuma?

Hajiya: Cuta ce mana malam! In ya san bango bai bushe ba me ya hana shi ajiye burushi ya ce ba zan yi ba, amma ya karɓi kuɗi ya yi shiru, mu ma haka wani ya yi mana a kicin

Tsohon Fenta: Hajiya wannan sakaci ne. Macuci shi ne wanda zai tsinka bokiti ɗaya da ruwa ya mayar da shi biyu.

Hajiya: Su ma fentoci ne ai.

Injiniya: Ba wanda ya tambaya ko akwai taga ko fankar fitar da tururi. Akwai fentin ruwa mai sheƙi, wanda ake kira "satin", ana goge shi da tsumma, wasu har da maganin fumfuna a ciki. Marar sheƙin ne ke shan danshi. Na mai kuma yana komawa rawaya a ɗaki mai duhu.

Ɗan Tayil: Ku sa tayil har sama ku huta.

Tsohon Fenta: Talla ka zo yi kenan. Layin tsakanin tayil baya yin baƙi?

Ɗan Tayil: Baba da girmanka, ni ban taɓa ganin tayil ya ɓare kamar aikinku ba

Hajiya: Nawa biyu sun faɗo.

Mai Sabon Gida: Yanzu wane fenti zan saya don Allah?

Admin: Mu rufe haka. Abin da aka cimma shi ne fenta bai cuci kowa ba, gaggawar masu gida ce, kamar yadda muke fama da su kullum a wajen aiki. Alhaji ka kankare, ka bari ya bushe, ka kira fentan ka ba shi haƙuri.

Hajiya: Da wa aka cimma?