Masu hoton biki na Kaduna, yaya kuke yi da cikon kuɗi?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'a. Shawarar manya nake nema. Alhamdulillahi aiki yana samuwa, tun bayan ƙaramar Sallah kusan duk ƙarshen mako ina wurin biki. Amma in na leƙa asusu sai in ga wayam, rabin kuɗina yana hannun angwaye. A ba ni kafin alƙalami, a ce sauran sai bayan biki, bayan bikin kuma waya ta daina shiga. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa mana yadda ya fita.

Baban Kawo:
Wa alaikumus salam ɗana. Tun zamanin fim nake wannan aiki, lokacin da sai an kai wanki kafin kowa ya ga fuskarsa. A wancan lokacin ba a rigimar ciko, domin hoton takarda ne kuma yana cikin jakarka, mai so ya biya ya karɓa. Ku kuwa tun daren dina kuke tura wa amarya ta WhatsApp don ta ɗora a waya. Wanda ya riga ya samu abin da yake so, me zai sa ya yi gaggawar nemanka?

Kuma kada ka ɗauka duk mugunta ce. Ango ya yi lefe, ya biya sadaki, ya kama haya, ya biya hol da masu abinci. Ranar da aka kai amarya aljihunsa ya bushe, ga cefanen sabon gida. Kuɗin biki kafin biki suke. Ni kashi 70 cikin 100 nake karɓa ranar da aka kama mini rana, sauran kuma kafin in fito da kyamara ranar kamu.

'Yar Malali:
Baba ya faɗi gaskiya, amma nawa ciwon daban ne: wa zai biya? Ango ne zai kira ki ku yi ciniki a kan ɗaurin aure da dina. Sai ga yayar amarya ta bugo ta ce gobe sa lalle, jibi kamu, akwai yini, har buɗar kai ana so ki zo. Gidaje da yawa ba sa barin namiji ya shiga wurin lalle, shi ya sa mu mata muke samun wannan ɓangaren, to amma in an gama ango ya ce shi bai san da zancen ba, dangin amarya su ce ai ango ne ya ɗauko ki. Yanzu saƙo ɗaya nake rubutawa: tarurruka kaza, awa kaza a kowanne, hotuna kaza za a gyara, albam shafi kaza, ga wanda zai biya kowane ɓangare. Sai ya amsa da "na amince" nake saka ranar a littafi. Har da awa na ce, don dinar da aka rubuta ƙarfe bakwai a kati sai goma take farawa, kuma kuɗin motar da za ta maido ni gida tsakar dare ba irin na rana ba ne.

Na Rigasa:
Hajiya wannan tsari sai ku masu aikin Malali da Unguwan Rimi. Mu a unguwa angon abokin yayanka ne, liman ɗinku ɗaya. Ka ce masa ya rubuta "na amince" sai magana ta kai gida a ce ka raina mutane.

'Yar Malali:
Ƙanina, ai ba cewa za ka yi ba ka yarda da shi ba. Ka ce aiki ya yi yawa kana mantuwa, ka tura masa don ya tuna maka. Ban taɓa ganin wanda ya ƙi ba. Kuma 'yan uwa da maƙwabta su ne suka fi riƙe mini kuɗi, baƙi ba su cika yi ba.

Ɗan Barnawa:
Ni ina ganin kun kama reshe. Ko an biya ka cikon nan duka, in farashinka na 2022 ne, asara kake yi ba ka sani ba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kuma da janareta mafi yawanmu muke gyaran hoto. Dala da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500 a farkon 2024. Kyamara, gilashinta, batir, memori, duk da dala ake shigo da su.

Kyamarar ma tana da ajali. Canon 5D Mark III da Nikon D750, waɗanda da yawanmu muka saya na hannu, kamfanoninsu sun ƙiyasta musu ɗauka 150,000 ne, alhali biki ɗaya mai tarurruka da yawa yana cin dubbai. Ga ƙurar hunturu da ke shiga ciki sai an kai shara. Don haka duk aikin da na yi akwai kason kyamara, ba na taɓa shi. Akwai kuma kason azumi, domin a Sha'aban ba ka da lokacin barci, watan Ramadan kuwa ko kira ɗaya da wuya. Mu na tsallaken kogi bukukuwan coci na Disamba suna rufa mana asiri, daga Sabon Tasha har Kakuri. Wanda ya ga kullen korona na 2020 a garin nan, da aka hana taro kwata-kwata, ya san amfanin ajiya. Wasu abokanmu a lokacin suka sayar da kayan aiki, har yau ba su dawo ba.

Maman amarya, Unguwan Dosa:
Ku yi haƙuri, ni ba mai hoto ba ce, 'yata ce ta nuna mini zancen. Mu mun biya duka kafin kamu, kamar yadda Baba yake so. Albam bai zo ba sai da yarinyar ta kusa haihuwa. Yau a ce wuta, gobe a ce mai bugawa ya yi tafiya. To in mun biya duka, da me za mu riƙe ku?

Baban Kawo:
Hajiya kin yi daidai, kuma na san inda kuɗinki ya tafi. Yaran nan da kafin alƙalamin bikin gobe suke buga albam ɗin bikin jiya, ranar da ciniki ya tsaya sai komai ya tsaya. Ɗana na Tudun Wada, ka yi wa sunan sana'arka rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka buɗe mata asusun banki daban da naka. Kuɗin bugawa ya zauna can har ranar da za ka biya mai bugawa. Mutane ma sun fi sakin jiki su tura kuɗi in sun ga sunan sana'a ya fito.

'Yar Malali:
Mama, ga yadda nake yi da iyaye irinku. Kuɗin ɗauka da gyara a biya kafin biki, kuɗin albam kuma ya zauna a hannunku, ranar da na kawo ku duba ku biya. Ina rubuta ranar kawowa a cikin saƙon nan, in na saɓa a rage mini.

Tsofaffin basussuka kuwa na daina bi da faɗa. Hotunan ina ajiye su wuri biyu, a kwamfuta da ma'ajiya ta waje, ba na gogewa. 'Yan kaɗan na tura musu, sauran suna nan. Da yawansu in an zo suna sai ga kira, ana so in zo in ɗauki jariri. Sai in ce to, amma a fara da na biki tukuna.