Fibar ta ratsa Damagaram, to yaushe za ta shigo shagunanmu?

Ɗan Zango:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san harkar. An ce an binne fibar optik, wato wayar gilashi mai ɗauko intanet, daga nan Damagaram zuwa Magariya har iyakar Najeriya, cikin aikin nan na ratsa Sahara da Bankin Raya Afirka ya sa wa kuɗi, wanda zai haɗa mu da Aljeriya da Cadi. To ni shagon kwamfuta gare ni, ɗaliban jami'ar André Salifou su ne kostomomina, amma har yau da forfe na waya nake aiki, rana na yin tsaka rezo ya faɗi, mutum na tsaye yana jiran a tura mai takarda. Shin meri ba za ta iya jawo wa unguwanni tata fibar ba, ta zama dukiyar jama'a?

Malam Mai Waya:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Wadda aka binne ɗin babbar hanya ce, ita gari da gari take haɗawa, abin da ka rasa shi ne lungun da zai kawo ta ƙofar shagonka, kuma nan kuɗin yake, don haƙa rami da binne bututu ya fi wayar kanta tsada nesa ba kusa ba. Shi ya sa ɗan kasuwa ba ya son haƙawa inda ba zai maida kuɗinsa da wuri ba.
Amma an yi a wasu wurare. Birnin Stockholm na Suwidin tun 1994 ya kafa kamfaninsa Stokab, shi ke da wayar, ba ya sayar wa kowa intanet, haya kawai yake ba kamfanoni, kowa ya zo ya hau su yi ta gasar farashi. Ni wannan tsarin nake so mana, wayar ta jama'a, Niger Telecom da Airtel da Moov da Zamani duk su biya haya daidai wa daida, kar a ba mutum ɗaya ya riƙe makulli.

Hajiya Ƴar Birni:
Malam na ji bayaninka wallahi kuma ina so, don ni yanzu rabin cinikin turarena da jakunkunan fata a WhatsApp nake yinsa, ƴan Kano da Yamai sai sun ga bidiyo kafin su turo kuɗi. Amma kuran fa? Kun manta 2023 da Najeriya ta yanke mana wuta yadda muka sha? Kuma ranar da mai haƙa ya sare wayar wa zai gyara, da kuɗin wa? Abin gwamnati a yi bikin buɗewa ba wuya, kulawar ce ke ba ni tsoro.

Matashi227:
Ku sayi Starlink, intanet ɗin nan na tauraron ɗan adam, kawai a huta mana, tunda an ba shi izini a ƙasar.

Malam Mai Waya:
Ƙanena mutum nawa a kasuwar Dole za su iya sayen kwanon nan su kuma biya duk wata? Kuma waje kuɗin yake tafiya. A daji yana da amfani sosai, ban musa ba, amma cikin gari fibar ta fi shi ɗaukar kaya.
Hajiya gaskiyarki. Ita wayar gilashi ce, haske ke bi cikinta, ba ta cin wuta a hanya, na'urorin bakinta ne ke so, su kuwa sola da batir sun ishe su. Gyara kuma dole kuɗin haya su shiga asusu daban da ba a taɓawa, a koya wa yaranmu haɗa waya a nan, ba sai an jira wani daga Yamai ba. In da ni ne, da jami'a da babban asibiti da kasuwar Dole za a fara, sannan duk titin da za a gyara a binne bututu tun kafin a zuba kwalta.

Ɗan Zango:
Na gode Malam, Allah ya ƙara sani. Mu masu shagunan kwamfuta za mu zauna ranar Asabar mu rubuta wa magajin gari takarda. Hajiya ko ƴan kasuwa mata za su sa hannu?