Yayata ta gama maganin sankarar bakin mahaifa, amma har yanzu ba ta dawo daidai ba

Ƙanwar Mai Jinya:
Assalamu alaikum. Watanni biyar ke nan da yayata ta kammala maganin sankarar bakin mahaifa a Zariya, inda aka yi mata gashi, wato ƙona sankarar da hasken na'ura, da ƙarin ruwan magani, kuma likitoci sun ce sakamakon ya yi kyau. Lokacin da take kwance gidanmu ba ya rabuwa da 'yan dubiya, amma tun da aka ji an sallame ta ƙafa ta ɗauke, kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Shekarunta 38, ga shi al'adarta ta tsaya, da dare zufa ke jiƙa mata zani ko da hunturu ake yi, ƙafarta ta hagu kuma tana kumbura har takalmi ba ya shiga. Abin da ya fi damuna shi ne mijinta ya daina kwana a ɗakinta, ita kuwa kunya ta hana ta faɗa, ni ma a bakin kishiyarta na ji. Me ya kamata mu yi mata?

Ma'aikaciyar Jinya:
Wa'alaikumus salam 'yar uwa, Allah Ya ƙara sauƙi. Gashin da ake yi a mara yakan dakatar da aikin ma'ajiyar ƙwai, shi ya sa al'ada ke ɗaukewa tun lokaci bai yi ba, zufar nan ta biyo baya, kuma akwai maganin da likita zai duba ko ya dace da ita. Kumburin ƙafa yakan faru ne idan hanyoyin da ke kwashe ruwan jiki suka taɓu. Ta riƙa ɗora ƙafar bisa matashi, ta kiyaye ta daga rauni, amma idan kumburin ya zo farat ɗaya tare da ciwo, a kai ta asibiti a ranar, domin yana iya zama daskarewar jini. Kada ta yi wasa da ranakun komawa asibiti, galibi duk bayan wata uku ko huɗu a shekaru biyun farko, sannan duk wata shida har a cika shekara biyar.

Wadda Ta Taɓa Jinya:
Ni ma na bi ta wannan hanyar shekaru huɗu da suka wuce, kuma maganar mijin ce ta sa na kasa yin shiru. Nawa maigidan tsoro ne ya kama shi, yana zaton zai ɗauki cutar ko kuma zafin gashin yana nan a jikina, bai samu natsuwa ba sai ranar da likita ya zaunar da shi ya ce masa duka biyun ba haka ba ne. Ku nemi babba a danginsa wanda yake jin nauyinsa, ya sa shi ya raka ta asibiti. Gaskiya ne gashi yana sa gaba ya bushe ya tsuke, saduwa ta yi zafi, amma akwai man shafawa da ɗan abin buɗawa da ake koya wa mace amfani da shi. Ki hana ta matsin kayan mata, duk yadda ƙawaye suka yaba shi, domin fatar wurin ta yi laushi ƙwarai.

Wani Magidanci:
Kuɗin mota zuwa asibitin Shika da ke Zariya kaɗai ya isa ya sa mace ta fasa komawa ganin likita, saboda haka ku 'yan uwa ku yi karo-karo ku ware shi tun yanzu. Idan kuma tana da 'ya'ya mata, a watan Oktoban 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata 'yan shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV, ƙwayar da ke haddasa wannan sankarar, kyauta, sai ki tambaya a asibitin sha-ka-tafi na unguwarku.