Musayar Waƙa: Gaɓar Logon, Daga Yagwa Zuwa Kusuri

Ɗan Marwa

Assalamu alaikum jama'a. Cikin ranin nan na bi gaɓar kogin Logon, iyakar Kamaru da Chadi, a mota, ina yada zango gari-gari. Ga farkon abin da na gani. Amsa-amonmu "wa" ne, manya su gyara mini inda na karkace.

Da sunan Allah na ɗaura niyya,
Da asuba muka bar garin Marwa.

Mota ta miƙa gabas maso kudu,
Kafin la'asar mun sauka a Yagwa.

Na ce ina kogin? Aka ce da saura,
Ƙara gaba, Zebe ce bakin ruwa.

Gonakin SEMRY, kamfanin shinkafa, hagu da dama,
Shinkafar rani ta fara tasowa.

Injin ban-ruwa na jan ruwan kogi,
Mata na dashe, ba su ko ɗagowa.

A Zebe na ga gada sabuwa fil,
Ta miƙe har Bongor ba karkacewa.

Na sauka na taka ta da ƙafata,
A ƙasa masu wanki na ta shanyawa.

A kasuwar Bongor na nemi shayi,
Mai shayin da Hausa ya amsa gaisuwa.

Ƙabilar Masa a Chadi, Masa a Kamaru,
Dangi guda ne, kogi ke ratsawa.

Baba Direba

Wa alaikumus salam. Madalla da kai, ɗana. Gadar da ka taka mita 620 ce, a watan Afrilun 2025 aka buɗe ta. Jiya-jiya ke nan. Mu da muka tsufa a kan hanyar nan mun san wani Zebe daban.

Ɗana ka zo a zamanin daɗi,
Ka samu kwalta, gada mai faɗi,
Mu da muka riga ka, bari in faɗi
Yadda ake fito kafin ginawa.

Mu sauke buhu a bakin gaɓa,
Mai kwalekwale ya zo ya taɓa,
Ya ce nauyin nan ba zai yiwu ba,
Sai an kasa biyu, a je a yi dawowa.

Babur a ciki, akuya a ciki,
Tsohuwa da jika manne a jiki,
Ruwa na shiga, yaro na aiki,
Da ƙwarya a hannu yana kwarfewa.

In damina ta kai Satumba,
Kogi ya cika bai bar tudu ba,
Wani ya hau bai kai gida ba,
Allah Ya yi musu rahama da yafewa.

Daga Bongor in kana son sauri,
Kwalta na nan, ka kama da wuri,
Ta Gelendeng a bakin Shari,
Kafin magariba Njamena kake hangowa.

Ɗan Marwa

Baba, Allah Ya ja da kwana,
Ba sauri ya fito da ni daga Marwa.

Na juyo Yagwa muka ɗau turɓaya,
Kogi na damanmu, mun fuskanci arewa.

Ƙura ta rufe mu har gashin ido,
Talatar Pus muke son cimmawa.

Kasuwa ta cika tun da hantsi,
Jirage na ta zuwa daga Katowa.

Na ga ɗakin ƙabilar Musgum na laka zalla,
Ba azara, ba ginshiƙi, ba tokarawa.

Tsininsa sama, jikinsa da zane,
Zanen nan shi ne matakalar hawa.

Ƙofa ƙasa a tsuke, sama da faɗi,
Don saniya ta shige ba gogawa.

Na shiga ciki rana na tsaka,
Sanyin ɗakin ya hana ni fitowa.

Kaɗan suka rage, kwano ya ci gari,
Masu iya ginin suna ta ƙarewa.

Wannan na ƙarshen ya tsaya mini a rai, Baba. Ginin da ba ya cin itace ko ɗaya, a ƙasar da itace ke wuya, bai kamata a bar shi ya zama abin nuna wa baƙi kawai ba.

Inna Mai Banda

Sannunku da hira. Ni ban yi makarantar waƙa ba, amma ba zan ji an yi Pus an tsallake Maga in yi shiru ba. Tafkinmu ba na Allah-ya-yi ba ne, madatsa ce aka gina a 1979 saboda noman shinkafa, kilomita 27 daga Pus zuwa Girbidig. A bakinta na girma.

Ɗana ka yabi ɗakin laka,
Ba ka ce komai kan abincinka,
Maga na nan kusa da hancinka,
Ko hayaƙin bandarmu ba ka shaƙowa?

Da sassafe masunta ke sauka,
Karfasa a kwando, tarwaɗa a jaka,
Giwan ruwa sai biyu sun ɗauka,
Mu tare su a gaɓa muna tayawa.

Mu farke, mu wanke, mu lanƙwasa,
Wutsiyar tarwaɗa a baki mu sa,
A jera a waya, wuta a ƙasa,
Ba harshen wuta ba, hayaƙi ke gasawa.

Kwali-kwali a ɗaure da igiya,
Wasu Marwa, wasu Nijeriya,
Da shi na aurar da 'ya'ya,
Da shi na je Makka, ba bashin kowa.

In za ka tafkin ka bi masani,
Dorina mai jego in ta gani
Jirgi ya matso, ba ta jiran wani,
Kifar da shi take ba tambayawa.

Ɗan Su na Zina

Inna, ina wuni. Ki yi mini haƙuri, zan faɗi abin da ba shi da daɗin ji. Mu muna ƙasa da ku, cikin fadamar da ake kira yayre. Ruwan da aka tare a Maga, wanda ya saba malalowa wurinmu ne. A 1994 an buɗe wata mashiga, ruwa ya ɗan dawo, mun gode Allah, amma bai koma yadda iyayenmu suka san shi ba.

Inna ina gaisuwa, a yi min afuwa,
Tafkin da ya cika muku, mu ya rage wa.

Kakana ya ce in Logon ya tumbatsa,
Fadama duk faɗinta takan zama ruwa.

Kifi ya bi ciyawa ya zuba ƙwai,
Ruwa na janyewa, a kama na kamawa.

Sannan makiyaya su gangaro da shanu,
Ɗanyar ciyawa har rani ba ta ƙarewa.

Masunci ya gama, makiyayi ya shigo,
Kowa da watansa, ba a karo da kowa.

Da aka datse, fari kuma ya biyo baya,
Fadama ta bushe, ƙasa na tsagewa.

Muka haƙa magudanai don tare kifi,
Saniya ta zo sha, ƙafa na zamewa.

Mai shanu ya ce rami ya ci dukiyata,
Mai taru ya ce abincina ake takewa.

Daga nan magana ta koma makami,
Maƙwabcin jiya ya zama abin gujewa.

Inna Mai Banda

Ɗana gaskiyarka, ban musa ba,
Mu ma ruwan nan bai ƙyale mu ba,
Shekarar da ya zo bai yi sallama ba,
A tudu muka kwana, ba abin rufuwa.

Ambaliyar 2012 nake nufi. Dare bai raba ba sai an je an duba madatsa, kowa na tsoron ta ɓalle. Allah Ya kiyaye na gaba.

Ɗan Marwa

Amin, Inna. Na shiga Maga kuwa, na ci bandarku. Yaya Ɗan Su, ta ƙasarku na bi.

Daga Maga muka bi sawun motoci,
Ba kwalta, ba allo, sai tambayawa.

Baƙar ƙasa ta dare ta yi ramuka,
Masakwa a gefe ta isa yankewa.

Garken shanu na tafe cikin ƙura,
Balbela na biye ba ta gazawa.

Dare ya riske mu a Zina, garinku,
Aka ba mu tabarma da tuwon dawa.

Logon-Birni muka shiga da azahar,
Tsohon gari a gaɓa, mai daɗewa.

Na je ƙofar fada na kai gaisuwa,
Dattawan Kotoko na zaune a inuwa.

A hanya na ga kangon da wuta ta ci,
Kusa da shi sabon ɗaki ake yaɓawa.

Malam na Kusuri

Allah Ya yi muku albarka baki ɗaya. Logon-Birni tsohuwar masarautar Kotoko ce, Baturen nan matafiyi Heinrich Barth, da ake kira Abdulkarim, ya sauka a cikinta a 1852. Shi kuwa garinmu, ranar 22 ga Afrilun 1900 aka yi yaƙin da ya sauya ƙasar nan. Birnin da ke tsallake an kira shi Fort Lami, da sunan kwamandan Faransa Lami, har 1973, sannan ya zama Njamena. A rabon Turawa, gaɓar yamma ta faɗa hannun Jamus, ta gabas hannun Faransa.

Ɗana da ka iso garinmu Kusuri,
Ka tsaya inda Logon ya sadu da Shari,
Nan Rabe ya ja daga a bayan gari,
Da rundunar da ya taso da ita daga Dikwa.

Faransa ta turo runduna uku,
Suka gamu a gaɓar kakanninku,
Wuni guda aka yi, in gaya muku,
Rabe da Lami duka suka bar rayuwa.

Aka kafa birni can a tsallake,
Da sunan Lami a kansa a liƙe,
Aka ja layi, a takarda yake,
Mai jirgi kullum ta kansa yake wucewa.

'Yar Njamena

Allah gafarta Malam. Ni ƙarama ce a cikinku, amma wannan gaɓar ta shafi gidanmu. Mahaifiyata ta gudu Kusuri a yaƙin 1980. Ni na gudu a Fabrairun 2008, da 'yan tawaye suka shigo Njamena. A Disambar 2021 kuma, da rikicin masunta Musgum da makiyaya Shuwa da Yaya Ɗan Su ya ambata ya yi tsanani, dubban mutanen Kamaru ne suka ƙetaro wurinmu.

Allah gafarta Malam, ka ba ni dama,
In ɗora kaɗan kan abin da kake cewa.

Innata ta ƙetare tana budurwa,
Harsashi na bisa, jirgi na rawa.

Wata mata a Kusuri ta buɗe zaure,
Ba ta tambayi asali ba, ta hau dafuwa.

Ni ma na bi gadar Ngeli da ƙafata,
Ƙanena a baya, ga tsoro ga yunwa.

Mutum a jikin mutum, katifa a ka,
Wani na kiran ɗansa, ba mai amsawa.

Gidan da ya karɓi Inna ya karɓe mu,
'Yar matar nan ce ta fito taryowa.

Da wuta ta tashi a Logon-Birni,
Sai ga jirage cike, gaɓarmu suke nufowa.

Musgum a ciki, Shuwa a ciki,
Kuka iri ɗaya, ba ka bambancewa.

Inna ta ce a fid da tabarmi duka,
A ɗora babbar tukunya, alheri muke ramawa.

Wata mai goyo ta zauna ba ta magana,
Sai da Inna ta karɓi ɗan ta fara faɗowa.

Yaya Ɗan Marwa, in ka sake zuwa,
Kada ka tsaya kallon bene da kasuwa.

Ka zo gidanmu ka gaida Inna,
Ka ji daga bakinta, ya fi karantawa.

Ɗan Marwa

Ƙanwata, baitinki ya fi nawa,
Na karanta hawaye na zubowa.

Na tsaya mahaɗar da Malam ya faɗa,
Ruwa biyu sun gamu, Tafkin Chadi suke dosawa.

A Ngeli tireloli daga Duwala sun yi layi,
Kayan Chadi da yawa ta nan ke shigowa.

Masu babur, masu kura, mata da ƙunshi,
Da safe su ƙetare, da yamma a yi komowa.

Ban san gidanku ba a wancan zuwa,
In Allah Ya kai mu, Inna zan fara gaidawa.

Baba Direba

Na janye maganar kwalta, ɗana, hanyar da ka bi ta fi. To amma masu tambayata yaushe ake bin ta, ku saurara, don fadamar nan ba a shiga mata da ka.

Mai son ya bi hanyar nan ta gaɓa,
Kada ya tashi ruwa bai janye ba,
Daga Agusta har zuwa Nuwamba,
Jirgi ne motar Zina, ba mai musawa.

Janairu zuwa Afrilu ne lokaci,
Ka ɗau safaya biyu da abinci,
Ka tambayi labarin hanya da aminci
A tasha, wurin direban da ke fitowa.

Katin shaida ya kwana a aljihu,
Kada ka yi tuƙi in an yi duhu,
In ka ga mata da kifi a buhu,
Rage musu hanya, sun san wurin ratsewa.

Inna Mai Banda

Mai zuwa ya biyo ta Maga da sassafe,
Kafin masu kwali su kwashe na kwashewa.