Neman shawara: zan bi tirelar shanu daga Maigatari zuwa Legas

Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Ni ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Gumel, mun gama girbi gero ya shiga rumbu, yanzu ba abin da nake sai zaman majalisa, shi ne na ce bari in tafi Legas ci-rani wajen yayana da yake dako a kasuwar Mile 12. To kuɗin motar ne matsala, tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin bas ya fi ƙarfina wallahi. Akwai maƙocinmu da yake bin tirelar shanu, ya ce in same shi Maigatari ranar Alhamis, in kasuwa ta ci an gama lodi zai yi wa direba magana in hau sama, ɗan abu kaɗan zan bayar. Inna kuma ta ce sam ba da yawunta ba. Ni ban taɓa wuce Zariya ba, waɗanda suka taɓa bi ya hanyar take?

Tsohon yaron mota:
Wa alaikumus salam ƙanina. Shekara 6 na yi ina bin tirela, bari in faɗa maka abin da maƙocin naka bai faɗa ba. Saman nan da ya ce ba kujera ba ce, itatuwa ne aka gicciya a kan bodi, shanu na ƙarƙashinka ƙaho na kallonka, haka za ka zauna rana ta dake ka, dare ya yi sanyi ya shiga ƙashinka, ga shi yanzu hunturu ne. Kuma kar ka ɗauka fasinja kake, da zarar saniya ta kwanta za a ce kowa ya sauka a tashe ta kafin sauran su tattake ta, ni da idona na ga yaro ya shiga tsakaninsu da tocila a baki ƙarfe 2 na dare yana murɗa wutsiyar sa, ya fito kashin shanu har gwiwa, haƙarƙari ya sha ƙaho. Babban abin tsoro shi ne barci. Gyangyaɗi ɗaya a wurin nan in mota ta faɗa rami shi ke nan, shi ya sa za ka ga wasu sun ɗaure ƙugunsu da igiya a jikin itacen.

Wani direba daga Haɗeja:
Gaskiya ya faɗa. Tafiyar ta haura kilomita 1000, kuma da yawanmu mun bar bin Birnin Gwari saboda 'yan bindiga, sai mu yi Kaduna, Tafa, mu karya ta Dikko mu bi Lambata, Bida, Mokwa, mu haye gadar Jebba, Ilori, Ogbomosho, Ibadan sannan Legas. In Allah ya taimaka kwana 2, in kuwa wata ta faɗi ta tare hanya tsakanin Lambata da Bida, ko taya ta yi faci a daji, sai ka ƙara kwana ba ka motsa ba. Ni shawarata in dole sai tirela, nemi mai ɗaukar hatsi daga Dawanau ka roƙi wuri a gaba kusa da direba ko da za ka ƙara kuɗi. Jami'an kiyaye haɗurra ma sun hana ɗora mutane a kan kaya, muna dai yi ne kawai.

Wata baiwar Allah:
Ni duk ba wannan ba, Inna ta ce a'a. Ɗana ka je ka lallaɓa ta tukun, kar ka sa ƙafa a mota zuciyarta ba daɗi.

Wani ɗan ci-rani:
Haba jama'a kuna ta tsorata yaro, mu nawa muka bi muka dawo lafiya? Ka dai riƙe bargo da rigar sanyi da hular sanyi, galan na ruwa, garin kwaki da ƙuli da suga, don direba ba ya tsayawa don cikinka sai don nasa. Kuɗinka ka raba biyu rabi a aljihun ciki. Sallah kuma ƙasaru za ka yi, azahar da la'asar raka'a bibbiyu ka haɗa su duk inda aka tsaya. Kuma in kun tarar da tanka ta faɗi kar ka kuskura ka je kallo, ka san abin da ya faru a Majiya ta jihar Jigawa a 2024, da tankar mai ta faɗi ta kama da wuta ta hallaka mutanen da suka taru a wurin.

Tsohon yaron mota:
Waɗanda suka dawo ne suke ba da labari malam.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai Allah ya saka. Na karanta wa Inna duka, da aka zo maganar igiya a ƙugu sai ta tashi ta shige ɗaki. Da daddare ta kira ni ta ce a kai ɗan akuyarta kasuwar Gumel a sayar in cika in hau bas, ni kuma kunya ta hana ni amsawa har yanzu. Baba direba, in na zo Dawanau wa ake samu, ɗan kamasho ko direban kai tsaye?