Ruwa ba ya zama a jakar yadin da na dasa tumatir

Don Allah masu shuka a jaka ku taimaka min, abin ya ishe ni.

Wata 2 ke nan da na dasa tumatir a jakunkunan yadi masu araha, kowace tana cin ƙasa kamar lita 20. Ƙasa da taki na haɗa, rabi da rabi. Da farko sun tashi lafiya. Yanzu kuwa ina zuba ruwa sai ya tsiyaye ta gefe, in na tona tsakiya da yatsa in tarar da ƙasar a bushe ƙamas. Kafin rana ta take ganye ya yi yaushi, 'ya'yan da suka fito kuma gindinsu yana yin baƙi.

Na koma ban ruwa safe da yamma, ba canji. Na rufe saman da busasshiyar ciyawa, sauƙin kaɗan ne. Na ɗora jaka 3 a faranti don su sha ta ƙasa, cikin mako guda yadin ya yi gansakuka, ɗaya har ta yage da na ɗaga.

Yaya zan yi ruwa ya riƙa ratsa tsakiyar ƙasar ba tare da na tumɓuke shukar ba?