Kyamarar aljihu ko sabuwar waya? Gardamar 'yan gida

Auta: Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema. Ajinmu zai je gandun dajin Yankari da ke jihar Bauci bayan jarrabawa, kwana uku. Wani mai shago ya nuna mini kyamara ta hannu, wadda aka taɓa amfani da ita, Panasonic Lumix TZ90, 'yar ƙarama mai shiga aljihun jaka, ya ce tana jawo abu sau 30. Kuɗin da na tara na canjin waya zan zuba a ciki. In saya ko in haƙura?

Yaya: Wa alaikumus salam. Ki haƙura, Auta. Waya ta riga ta kashe irin waɗannan kyamarori, sayensu a yau zubar da kuɗi ne. Samfurin 2017 ce fa. Farantin da ke karɓar haske a cikinta, wanda ake ce wa sensa, bai kai farcen ƙaramin yatsanki ba: milimita 6 da ɗoriya a tsawo, 4 da rabi a faɗi. Na manyan wayoyin yanzu ya fi shi girma. Ki ƙara kuɗi ki sayi waya mai kyau, ki huta da ɗaukar kaya biyu da caja biyu.

Kawu: "Ta kashe" babbar magana ce, ɗana. Girman sensa da ka faɗa haka yake, amma ka tsallake gilashin. Na wannan kyamara yana tashi daga 24 ya kai 720 a ma'aunin milimita na masu hoto, inda girman lamba ke nuna ƙarfin jawowa, kuma gilasai ne na gaske suke matsawa a ciki. In ka kunna ta za ka ga hancinta ya miƙo waje. Yawancin wayoyin da ke hannun jama'a kuwa, in ka ware yatsu biyu a allo, tsakiyar hoton kawai suke yankowa su hura shi. Shi ya sa fuska take narkewa kamar an shafa mata man shanu.

Shekarun baya na tsaya kallon Hawan Daushe a Kano, can baya, sahu wajen goma tsakanina da dawakai. Duk wanda ke gefena ya ɗaga waya, abin da suka samu ƙeyar mutane ce da ƙura. Ni da 'yar kyamara irin wannan na jawo wani mahayi har na ga zaren aikin da ke wuyan alkyabbarsa, da kumfar da ta taru a linzamin dokin, da gumin da ya jiƙa gefen rawaninsa. Hoton yana rataye a falona, kun sha ganinsa.

Yaya: Allah ya ƙara girma Kawu, amma wayar wancan lokacin kuke magana. Galaxy S23 Ultra tana jawo abu sau 100.

Kawu: Sau 10 gilashinta yake jawowa, daga nan zuwa 100 ɗin lissafin kwamfuta ne ke cike gurbi da abin da yake zato. iPhone 15 Pro Max ma sau 5 ne, milimita 120. Sannan ka tambayi ƙanwarka ko abin da ta tara ya kama hanyar kuɗin ɗaya daga cikinsu.

Auta: Ko rabi bai kai ba, Kawu.

Gwaggo: Ku bar ni in sa baki, don ni abin ya taɓa ni. Na taɓa riƙe wata ƙaramar kyamara mai irin wannan hanci mai fita da komawa, ta wani kamfani daban. Hunturu ɗaya ta yi a hannuna. Wata rana na ɗauki jikokina a tsakar gida, sai ga wani tabo baƙi-baƙi a sararin sama, saman kan ƙaramin. Na goge gilashin da gefen mayafi, na sake ɗauka, tabon yana nan a wuri ɗaya. Mai gyara ya ce ƙura ce ta shige ciki ta kwanta kan sensa, don duk fita da komawar hancin iska yake zuƙa. Sai an warware ta gaba ɗaya kafin a kai wurin. Hotunan sunan jikata duka da wannan tabo suka fito, har yau in na duba raina yana sosuwa. Ke kuma da rani za ku je daji a buɗaɗɗiyar mota.

Kawu: Gaskiya kika faɗa, Hajiya. Irin waɗannan ba a toshe su daga ƙura ko ruwa ba. Da ranin kuma dole ne, lokacin ne ciyawa ke bushewa, namun daji su gangaro kogin Gaji shan ruwa. Dabarar ita ce ta zauna cikin jaka mai zif, a kashe, sai mota ta tsaya ƙura ta lafa a fito da ita. Kada a sa ta tsirara a aljihun riga.

Yaya: To ga ƙura. Saura dare. Kawu, ku faɗa mata abin da ke faruwa in rana ta faɗi.

Kawu: Zan faɗa, ba abin ɓoyewa ba ne. Ƙofar hasken gilashin f/3.3 ce in ba a jawo komai ba, in aka jawo har ƙarshe ta tsuke ta koma f/6.4. Ƙaramar ƙofa, ƙaramin sensa, haske kaɗan ke shiga. A wannan hawan da na ba ku labari, hotunan da na ɗauka da la'asar sakaliya su ne na kirki. Da rana ta sunkuya aka zo jahi, dawakai na gudu, duk abin da na ɗauka ya fito da yashi-yashi, ƙafafun dawakai sun zama hayaƙi. Waya a nan ta fi ta nesa ba kusa ba, domin tana ɗaukar hotuna da yawa a ƙiftawar ido ta haɗe su wuri ɗaya. Hoton hira da daddare, hoton ɗaki, hoton walima, ki ɗauka da waya ko da tsohuwar taki ce.

Akwai TZ100 da TZ200, sensarsu ya ninka wannan wajen sau huɗu, amma jawowarsu sau 10 ne da sau 15, kuma sun fi tsada.

Ummi: Ni damuwata turawa. Da waya kina ɗauka kina sa wa a status. Wannan fa?

Kawu: Tana da Wi-Fi, ana turawa waya ta manhajar kamfanin. Akwai ɗan jira, ban musa ba. Amma batirinta daban yake, wayarki ta huta don kira.

Yaya: Ga hujjata ta ƙarshe. Kamfanin ya fito da TZ99 a farkon 2025, gilashin nan dai mai sau 30, sai suka sa mata cajin USB-C, suka cire tagar leƙe, 'yar tagar nan da ake manna ido a kalli abin da za a ɗauka. Shekara takwas ba wani ci gaba. Masu ƙera ta ma sun san an bar wajen.

Kawu: Ni abin da na karanta a nan daban ne: da babu masu saye da ba su sake fito da ita ba. Cire tagar leƙen kuwa shi ya sa na fi son tsohuwar. Ranar Bauci in ta take, allo ba ya ganuwa. Ki manna tagar a ido, gwiwar hannu a ƙirji, ki riƙe numfashi sannan ki danna. A 720 ko bugun zuciyarki yana girgiza hoto, duk da na'urar hana rawa da ke ciki. Da tsakar rana kuma iska mai zafi tana kaɗawa tsakaninki da abin da ke nesa, babu gilashin da zai gyara wannan. Fitar safe ita ce taki.

Auta: Ni dai giwa nake so, Kawu, da tsuntsaye. Hotona a Wikki, maɓuɓɓugar ruwan ɗumin da ke dajin, ƙawayena za su ɗauke ni.

Yaya: Ba kowa ke dacewa da ganin giwa ba, ki sani. In kin dawo kuma tsohuwar wayarki mai fasasshen allo tana jiranki, ita za ki riƙe kullum, kyamarar kuwa sau nawa a shekara? Ni ban sauka daga ra'ayina ba.

Kawu: Wannan tambaya ce mai nauyi, 'yata, ke kaɗai za ki amsa ta. In kin yanke saye, kada ki ba da kuɗi sai kin gwada. Ki jawo gilashin har ƙarshe, ki tsuke ƙofar hasken zuwa f/8, ki ɗauki farin bango ko sararin sama, ki buɗe hoton ki bi shi kusurwa-kusurwa. Tabo ko ɗaya kika gani, ajiye masa kayarsa. Ki kunna ki kashe sau biyar, ki kasa kunne ko hancin yana gurzawa. Ki ciro batirin ki duba ko ya kumbura.

Gwaggo: Ki biyo ta gidana kafin ki wuce shagon, jakar tawa mai zif tana nan cikin akwati.

Auta: Na gode Gwaggo. Kawu, gobe bayan azahar kuna gida? Na fi so mu je tare ku duba bangon da idonku.